Kayan gyaran bindigar farauta: me ke raba mai araha da mai tsada?

Wani Alhaji mazaunin Agege ya aiko da tambaya. Yana da bindigar farauta mai lasisi, ƙaramar raifil mai cin harsashin .22, wadda yake amfani da ita a gonarsa da ke hanyar Abeokuta saboda gafiyoyi da gyazbi. Allurar da ke dukan gindin harsashi ta karye. Dila ya nuna masa guda biyu, ɗaya ta ninka ɗayar sau huɗu a kuɗi, ya jujjuya su a hannu bai ga abin da ya raba su ba. Ya ce, shin suna kawai ake sayar mana? Ya kuma tambaya game da zobban da ke riƙe madubin hangen nesa, don su ma ya ga masu araha da masu tsada.

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Idonka bai yaudare ka ba. Ni da nake cin abinci da awon ƙarfe da gwada ƙarfinsa a wata masana'anta a Ikeja, in ka zube min allurar nan biyu a tafin hannu, ba zan rantse wacce ta fi ba. Aibin da ke karya ƙarfe ba a fatarsa yake zama ba. Kuɗin da ka gani a tsakani, in ba jabu aka nuna maka ba, mafi yawansa kuɗin bincike ne: wa ya auna, guda nawa ya auna, kuma waɗanda suka faɗi gwaji ina aka kai su.

Ka fara sanin irin wahalar da ƙarfen bindiga ke sha. Harsashin .22 da ake rainawa, matsin da yake haifarwa a cikin bututu yana iya kaiwa 1,700 a ma'aunin matsi da ake kira bar. Na .308 da ake harbin manyan namun daji da shi yana kaiwa bar 4,150. Tayar motarka bar biyu da ɗoriya kawai ake hura mata. Duk wannan ƙarfin cikin ƙiftawar ido yake zuwa ya wuce, kuma fuskar maharbi ba ta kai taƙi biyu daga wurin ba.

Maganar irin ƙarfen gajeruwa ce. Bututun bindiga galibi da ƙarfe mai lamba 4140 ko 4150 ake yin sa, lambobi biyun ƙarshe suna nuna yawan sinadarin kabon da ke ciki, kashi 0.40 ko 0.50 cikin 100. Kamfanin da ya san abin da yake yi ba ya sauke sandunan ƙarfe daga mota sai da takarda daga inda aka narka su, mai ɗauke da lambar wannan narkin da jerin abubuwan da ke cikinsa, kuma yakan yanki ɗan guntu ya gwada da kansa don kada takarda ta yi masa ƙarya. Mai neman sauƙi yakan sayi abin da ya samu a kasuwa ranar nan. Amma a ƙaramin abu irin allura, bambancin kuɗin ƙarfe mai kyau da maras kyau bai taka kara ya karya ba. Ba nan ninki huɗu ya fito ba.

Inda ake yin ta shi ne wurin gashi. Bayan an yanka allura ta fito da siffarta, sai a gasa ta a tanderu zuwa wani zafi da aka ƙayyade, a tsoma ta a mai don ta yi tauri, a sake ɗumama ta a zafi maras yawa don a rage mata gautsi. In taurin ya yi yawa, dukan farko ko na ɗari biyar za ta ɓalle. In bai kai ba, bakinta zai daddage ya baje, ta daina fasa harsashi. Tsakanin waɗannan biyun wata 'yar siririyar hanya ce, kuma ido ba ya ganin ta.

Akwai labarin da duk mai wannan sana'a ya sani. Bindigar sojan Amurka mai suna M1903, wadda masana'antar gwamnati ta Springfield ke ƙerawa, a shekarunta na farko tsofaffin maƙera ne ke duba launin jan ƙarfen da ido su ce ya isa. Gwanaye ne, ba 'yan koyo ba. Da yaƙin duniya na farko ya matsa, aiki ya yi yawa, sai aka fara samun gangar jikin bindigar tana tarwatsewa a hannun soja. A ƙarshen 1917 aka kafa ma'aunan zafi a bakin tanderun, sai aka gano cewa zafin da maƙerin yake kira daidai a ranar da rana ta take, yana iya fin na ranar hadari da digiri 300 a ma'aunin Farenhait. Hasken rana yana dushe jan ƙarfe a ido, sai mutum ya ƙara wuta bai sani ba, ƙarfen ya ƙone daga ciki ya yi gautsi. Aka sauya tsarin gashin a 1918. Har yau masu tara tsofaffin bindigogi ana gargaɗinsu kada su harba ta Springfield mai lamba ƙasa da 800,000, ko ta masana'antar Rock Island mai lamba ƙasa da 285,507. Ba dukkansu ne suka ƙone ba, watakila ma kaɗan ne. Matsalar ita ce babu mai iya nuna maka wacce ce, don lafiyayyar da ƙonanniyar kamarsu ɗaya.

Yanzu babu kamfanin da ke gashi da ido, amma matsalar ba ta mutu ba, kaya ta sauya. Tanderu ɗaya da aka cika maƙil, na bakin ƙofa da na tsakiya ba zafi ɗaya suke sha ba. Ma'aunin zafin kansa yana tsufa ya fara ƙarya in ba a daidaita shi lokaci-lokaci. Shi ya sa bayan kowane gashi muke ɗebo samfuri daga kusurwoyi daban-daban mu kai kan injin Rockwell. Wani ɗan tsinin lu'ulu'u ne ake danna shi cikin ƙarfen da nauyin kilo 150, zurfin ramin da ya bari shi ke ba da lambar tauri. Aikin bai kai minti ɗaya ba, amma yana buƙatar inji, da ma'aikaci mai albashi, da kuma mai gida da zai yarda a zubar da kayan tanderu guda in lambar ta kauce. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar samu.

Tunda karyayyar allurarka tana hannunka, ka fito da ita rana ka dubi bakin karayar da madubin ƙara girma, ko da kyamarar waya ce. In fuskar karayar ta fito hatsi-hatsi tana ƙyalli, a miƙe ba tare da lanƙwasa ba, gautsi ne, gashin ya wuce kima. In wani sashe ya yi sumul da zane-zane masu lanƙwasa a jere, ragowar kuma ya yi kaushi, to tsagewa ce ta fara tun da daɗewa daga wani ɗan karce ko kusurwa mai kaifi da aka bari wurin yanka, tana ci kaɗan-kaɗan har abin da ya rage ya kasa ɗauka. In kuma bakin allurar ya baje kafin ta karye, ko dai ƙarfen ya yi laushi, ko kuma ana yawan danna kunama babu harsashi a ciki. Wannan na ƙarshe ka bincika da kyau wurin yaran gona. Ita .22 gefen gindin harsashi allurarta ke duka, to in ɗakin harsashin fanko ne, a yawancin tsofaffin samfura sai ta doki bakin ƙarfen bututu. Ko allurar miliyan ka saya ba za ta jure wannan ba.

Sai maganar awo. Kowane zanen injiniya yana ba da girma, ya kuma ba da ɗan sararin da aka yafe, a ce 0.02 na milimita sama ko ƙasa. Wuƙar injin da ke yanka tana cinyewa, don haka allurar da ta fita da safe da wadda ta fita bayan guda dubu ba su zama ɗaya ba sai in ana aunawa ana gyara inji, ana sauya wuƙa kafin ta mutu. Wuƙaƙen nan tsada gare su, kuma tsayar da inji asara ce, to kamfanin araha yakan bar ta ta ci gaba. Abin da ke biyo baya yana da wayo: ƙarfe uku da za su haɗu, kowanne ya kauce da 0.05 kacal, kowanne shi kaɗai za ka ce ba komai, amma in duk gefe ɗaya suka kauce an tara 0.15. A raifil mai cin .308, tazarar da ke tsakanin ma'aunin da ya kamata makulli, wato ƙarfen da ke toshe bayan harsashi a ɗakinsa, ya rufe a kansa da wanda bai kamata ya rufe ba kusan 0.1 na milimita ce. Ka ga an wuce iyaka ke nan ba tare da ko ƙarfe ɗaya ya nuna laifi ba. Wannan ne dalilin da ba na son a haɗa kayan kamfanoni daban-daban a wurin da ke ɗaukar matsi, ko da kowannensu mai kyau ne.

Yanzu ga zuciyar amsar. Duk kamfanonin duniya suna fitar da kaya masu aibi, har da waɗanda ka fi jin sunansu. Bambancin shi ne wa ke tsince su. Ka san yadda ake yi a Mile 12: kwandon tumatirin da aka zauna aka tsince aka ware fasassu, da wanda aka sauke daga tirela aka sayar yadda yake, gona ɗaya suka fito amma kuɗinsu ba ɗaya ba, don wanda ya tsince ya ɗora asarar fasassun a kan lafiyayyun. Haka yake a nan. A ce cikin allura 1,000 akwai 10 masu aibi. Mai bincike ya ɗebi 20 ya gwada: kusan sau takwas cikin goma ba zai ci karo da ko ɗaya daga cikin goman ba, sai ya buga hatimi kaya su wuce. Jadawalin ISO 2859 da masana'antu ke bi yana cewa a ɗebi 80 daga tulin da ke tsakanin 501 da 1,200 a binciken yau da kullum. Ko da tamanin ɗin ne, fiye da sau huɗu cikin goma duk goman za su sulale. Ɗibar samfuri tana kama tulin da ya lalace gaba ɗaya, ba ta kama ɗaiɗaiku. Mai son kama ɗaiɗaiku dole ya gwada kowanne, kuma kuɗin da kake gani ke nan. Mai araha bai ce zai sayar maka da maras kyau ba, kuma galibi mai kyau ce za ta faɗo hannunka. Ya dai mayar da kai mai binciken ƙarshe, a cikin daji, da harsashi a ciki.

Na taɓa aiki a wani wuri inda manaja ya tsaya a kaina saboda na riƙe wasu kusoshi da taurinsu ya gaza. Bai musa sakamakon ba. Cewa ya yi mota tana jira a waje, kuma wa zai sani. Daga irin wannan tsayuwar ake gane kamfani, ba daga injinan da ya saya ba, don injin gwaji yana nan a masana'antu da yawa an lulluɓe shi da leda.

Gwajin da ake yi wa kowane makulli a kamfanonin da suka damu yana da kyan gani. Ana sa wa ƙarfen maganaɗisu, a kwarara masa wani ruwa mai ɗauke da garin ƙarfe mai sheƙi, a kashe fitila a haska shi da wata fitila ta musamman mai launin shuɗi-shuɗi. Ƙarfen da ka rantse lafiyarsa ƙalau, sai ka ga wani siririn layi kore shar ya fito a gindin haƙorinsa, inda garin ya taru a bakin tsagar da ido ba ya gani. A kwalin kaya za ka ga an rubuta an yi wannan gwajin, amma ka kula da lafazin: wani kowane ɗaya yake gwadawa, wani kuma 'yan kaɗan daga tuli, dukansu kuma haruffa iri ɗaya suke bugawa.

A Turai ba a bar wannan ga imanin kamfani ba. Ingila tana da gidan gwajin bindiga a Birmingham tun 1813, wanda dokar majalisa ta kafa, kuma laifi ne a can a sayar da bindigar da ba ta ɗauke da tambarin gwaji. Hukumar CIP, wadda ta samo asali a 1914, ta haɗa ƙasashe irin su Jamus, Italiya, Beljiyam, Faransa da Finland a kan ƙa'ida ɗaya: kowace raifil sai an harba ta da harsashin gwaji mai matsin da ya zarce na yau da kullum da aƙalla kashi 25 cikin 100, a sake auna ta, sannan a buga mata tambari a jiki. Amurka ba ta da wannan dolen. Ƙungiyarsu ta SAAMI, da aka kafa a 1926, ƙa'idojinta na ganin dama ne. Ka duba gindin bututun bindigarka, in ta Turai ce za ka ga ƙananan tambura a wurin.

Kada ka ɗauka daga nan cewa tsada garanti ce. A 2004 kamfanin Sako na Finland, wanda kayansa ba na talaka ba ne, ya janye wasu bindigoginsa da na Tikka bayan bututun wasu ya tsage, aka bi sawu aka tarar matsalar daga wani rukunin ƙarfe maras tsatsa da aka kawo masa take. A Afrilun 2014 Remington ya janye samfurin 700 da samfurin Seven masu kunamar X-Mark Pro da aka ƙera daga 1 ga Mayun 2006 zuwa 9 ga Afrilun 2014, saboda gam da ya yi yawa wurin haɗa kunamar yana iya sa bindiga ta tashi ba a taɓa ta ba. Shekara takwas ana fitar da su. Abin lura a nan shi ne dukansu biyun sun iya cewa ga lambobin da abin ya shafa, a dawo da su. Allurar da ta zo a farar leda babu suna babu lamba, in an gano aibi a tulinta, wa zai kira ka?

Ana cewa araha ba ta ado, amma a wannan fanni ba kowace araha ce abin gudu ba. Bindigogi irin su Ruger American da Savage Axis masu sauƙin kuɗi ne, kuma suna harbi daidai, don tun a zane aka rage musu tsada: gindin roba maimakon katako, siffa mai sauƙin yanka, babu goge-goge. Ruger ya daɗe yana yin gangar jikin wasu bindigoginsa da ƙarfen zubi, kuma sun yi suna wurin ƙarfi, don haka wanda ya ce maka duk zubi banza ne bai san aikin ba. Haka ƙananan kayan da ake yi da garin ƙarfe, a cusa a mazubi a gasa: in an kula suna aiki, in an yi sakaci sai a bar kogo a ciki. A ɗaya ɓangaren kuma, wani kaso na kuɗin bindigogin alfarma na katakon goro ne na Turai, da zanen hannu, da sheƙi. Abin sha'awa ne, amma bai ƙara wa makulli ƙarfi ba. A nan kam gaskiyarka, suna da ado ake saya.

Abin da ya fi damuna a Legas ba mai araha ba ne, jabu ne da ke sanye da kwalin mai tsada. Buga kwali ya fi gasa ƙarfe sauƙi, kuma kayan da suka shigo ta bayan fage ba su da asalin da za a bi. Ka tuna a Janairun 2017 kwastan suka kama bindigogi 661 a kwantena ɗaya a nan Legas, an ɓoye su cikin ƙofofin ƙarfe. Irin wannan hanyar ba ta zuwa da takardar gwaji. Kuma dokar makamai ta Najeriya tana ɗaukar sashen bindiga a matsayin bindiga, gyaran ma sai mai izini. Saboda haka kada wani ya ce zai aiko maka da ita cikin jaka daga waje, kada kuma ka kai wa mai injin yanka a unguwa ya fitar maka da ita daga guntun ƙarfen kasuwar Owode Onirin. Zai iya kwaikwayon siffar tsaf, amma bai san irin ƙarfen ba, ba shi da tanderun da ke riƙe zafi, kuma zai jefa ku duka biyun cikin laifi.

Zobban madubi ba sa ɗaukar matsi, kuma .22 ba ta da wani bugu, don haka matsakaita sun ishe ka. Alminiyam mai lamba 7075 ya kusa ninka mai lamba 6061 a ƙarfi, amma a nan 6061 ya wadatar. Abin dubawa biyu ne: zobban su daidaita da juna don kada su murɗe madubin, kusoshin kuma kada su zama masu laushin da sukundireba zai cinye kansu. Maɗauri, jaka da robar gindi, sayi abin da aljihu ya ɗauka. Sai dai duk abin da ke da ƙarfe, ka tuna da raɓar Legas da iskar gishiri. Baƙin rinin da ake yi wa kayan araha siriri ne, in ba mai a kai damina ɗaya ta isa tsatsa ta kama.

Allurar kuwa, ka koma wurin dilan ka tambaye shi wane kamfani ya yi kowacce, ko an yi ta ne musamman don samfurin bindigarka, kuma ko zai rubuta sunan da lambar a rasit. In mai tsadar ta kamfanin da ya ƙera bindigar ce kuma ya yarda ya rubuta, ita za ka ɗauka. In ya kasa faɗin asalin ko ɗaya, bar masa duka biyun. Wanda zai saka ta ya zama mai izinin gyara, ka kuma ce ya auna tsawon da bakinta ke leƙowa, ya duba sifirin, ya duba bakin ɗakin harsashi ko tsohuwar ta bar masa lotsawa, don in akwai lotsawar kwanson harsashi zai riƙa maƙalewa ko da sabuwar allurar lafiya take.